Aiki biyu na kirana, kunyar maigidana na wurin aiki ta hana ni motsi

Assalamu alaikum Gwaggo Majo,

Ni infirmiya ce a nan Damagaram, shekarata 28, ina da aure da ɗiya ɗaya mai shekara 2. Da na gama makarantar koyon aikin lafiya ta ENSP na yi wata 14 ina aikin sa kai a wata CSI, ƙaramin asibitin gwamnati, ba ko dala. Wani lokotoro, abokin marigayi babana, shi ya ɗauke ni a kilinik ɗinsa. Yau shekara 4 ke nan, albashina jaka 90, kuma ban taɓa sa hannu a wata takarda ba. Mutumin kirki ne, shi ya ɗauki nauyin jinyar Baba har ya cika.

Sati biyu da suka wuce wata sabuwar kilinik kusa da unguwarmu ta kira ni ta salula, suka ce jaka 130, aiki na dindindin, in fara farkon watan Yuli. Don murna na ce musu to. Bayan kwana 5 sai ga saƙon wata ƙungiyar agaji da na ajiye wa dosiye tun bara: sun ɗauke ni sashen yara a wajen Magariya, kontira wata 6, jaka 250 a wata. Sun turo takarda, suna son amsa cikin sati ɗaya, in kama aiki nan da kwana 15. Ban san yadda aka yi ba, labari ya kai kunnen maigidana lokotoro. Ya kira ni ofishinsa ya ce zai ƙara mini jaka 20, ya ce ni ɗiyarsa ce. Na kasa ɗaga kai.

Mijina malamin makaranta ne, ya ce zaɓi nawa ne. Innata ta ce za ta riƙe yarinyar. Ƙawata kuma ta ce in ce ba ni da lafiya, in kashe salula in yi tafiyata, in ya so daga baya a ba da haƙuri. Gwaggo, wanne zan ɗauka? Kuma da wane baki zan gaya wa mutumin nan zan tafi?

Ɗiyarki, daga Garin Malam

*

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa aljanna ce makomarsa. Barka kuma, don a garin nan akwai masu difiloma irin taki da suka shekara uku suna zarya tsakanin CSI da gida ba wanda ya ce musu ci kanku, ke kuwa ga shi ana rububinki.

Da shawarar ƙawarki zan fara, don ita ce ta fi tsaya mini a rai. Kada ki yi. Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona.

Wata shekara cikin watan Satumba, ina majo, wato shugabar infirmiyoyi, a sashen yara na wani asibiti, damina ta yi ƙarfi, masassara ta cika mana ɗakuna har gado ɗaya yara uku, wasu uwayen a kan tabarma a baranda. Mu biyu ya kamata mu kwana gardi, ni da wata yarinya da na koya wa da hannuna yadda ake neman jijiya a kan jariri. Ƙarfe 8 ba ta zo ba. Ƙarfe 9 na kira, salula a kashe. Zuciyata ta ba ni haɗari ta yi a kabu-kabu, har na tura mai gadi gidansu. Ya dawo ya ce tun da asuba ta hau mota, ta samu aiki a wani gari. Daren nan ni da wata mai shara muka kwana a tsaye. Akwai yaro ɗan shekara 3 da ake yi wa allurar artesunat, maganin masassara mai tsanani. Kin san ƙa'idarta: ta farko, sai bayan awa 12, sai a awa 24. Tasa ta ƙarfe 11 sai wajen ƙarfe 2 na dare na kai gare ta, saboda ina kan wata yarinya mai jijjiga. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi. Amma har yau ina ganin uwarsa zaune a bakin gado, ta zuba wa ledar ƙarin ruwan da ta daɗe da ƙarewa ido, ta juyo ta dube ni, ba ta ce uffan ba.

Bayan shekara 5 aka sa ni cikin masu tantance dosiye na wata ɗaukar ma'aikata, sai ga takardun yarinyar nan a gabana. Aka ce, “Majo, ai a wurinki ta yi, yaya take?” Na ce hannunta na da kyau ƙwarai, sannan na faɗi abin da ya faru, don amanar majiyyata ce aka tambaye ni. Ba a ɗauke ta ba. Raina ya ɓaci kwana da kwanaki, don ƙwararriya ce ta gaske, kuma da ta zo ta same ni ta ce tafiya ta kama ta, da ni zan fara sa mata albarka. Ma'aikatan lafiya a jihar Damagaram kamar 'yan gida ɗaya muke. Makaranta ɗaya akasarinmu muka fito, a babban asibitin ƙasa da cibiyar uwa da yaro muka yi sitaj, daga Miriya zuwa Matamai, daga Tanut zuwa Gure, ba wanda ba a san malaminsa da majonsa ba. Ƙungiyoyin agaji kuwa al'adarsu ce su kira inda mutum ya baro su ji halinsa. Ranar da suka kira lokotoronki, me kike so ya ce?

To, mu zo kan zaɓi. Kin ce aiki biyu ke kiranki. Ni dai guda ɗaya na gani, wanda ya zo da takarda. Na sabuwar kilinik har yanzu fatar baki ce. Ban ce maƙaryata ba ne, mai yiwuwa da zuciya ɗaya suka kira ki. Sai dai na ga buɗe kilinik da yawa a garin nan, kuma shekarar farko ita ce mai wuya: ga haya, ga bashin na'urori, ga kuɗin wuta da na ruwa, majiyyata kuma ba su saba da ƙofar ba tukuna. In aljihu ya yi ƙunci, albashin infirmiya ne abin farko da ake cewa a yi haƙuri sai sati mai zuwa. Kalmar dindindin da aka faɗa miki ta salula ba ta da nauyin komai sai an rubuta ta. Da a ce can zuciyarki ta karkata, da na ce ki je ki zauna da su ki nemi kontira a rubuce: nawa ne albashi, ranar nawa ga wata ake biya, gardi nawa a wata kuma ana biyansa daban ko a'a, lokacin gwaji wata nawa ne, za su yi miki rajista a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, sannan ki ga izinin buɗewa na ma'aikatar lafiya da idonki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi tun kafin ki fara, ya riga ya nuna miki yadda ƙarshen wata zai kasance.

Na Magariya takarda ce ta gaske, amma ki karanta ta da fensir a hannu. Jaka 250 sau 6 miliyan ɗaya da rabi ke nan. Jaka 130 sau 12 kuwa miliyan ɗaya da jaka 560. Kin ga wata shidan Magariya kusan shekara guda ce ta sabuwar kilinik. Ma'anarsa, in kontira ta ƙare a Disamba kika zauna gida har wata damina ba aiki, kin tashi kunnen doki da wadda ta zauna a unguwa tana kwana da ɗiyarta. Kuma ki tambaye su ko jaka 250 ɗin nan kafin a cire haraji ne ko bayan an cire, don akwai harajin albashi, akwai kashi 5,25 cikin 100 na CNSS da ake yanka daga ɓangaren ma'aikaci. Ki tambayi wurin kwana, su za su ba ki ɗaki ko haya za ki kama. Ki sa kuɗin mota a lissafi, tunda tsakanin Damagaram da Magariya kusan kilomita 100 ne, kuma uwar 'yar shekara 2 ba za ta iya wata guda ba ta leƙo gida ba. Ki sa tukunya biyu da za a riƙa ɗorawa, taki can da tasu nan. Ki tambayi inshorar lafiya, ko ta haɗa da mijinki da yarinyar.

Kada kuma wani ya ce miki ai kullum sabuntawa ake yi. Tun yunwar 2005 ƙungiyoyi suka zauna a yankin Magariya da Miriya saboda tamowa da masassara, kuma ɗabi'ar aikin ke nan: a ɗebi ma'aikata da yawa gab da damina, in yara suka ragu bayan kaka a sallami akasarinsu. Ban da haka, kuɗin ƙungiya daga waje yake zuwa, iznin zamanta kuma a hannun hukuma yake. A Nuwamba 2024 gwamnati ta janye iznin ƙungiyar ACTED. A Janairu 2025 Amurka ta dakatar da kuɗin agajinta na USAID, ayyuka da dama suka tsaya cak a ƙasashe da yawa. A Fabrairu 2025 aka umarci ƙungiyar Croix-Rouge ta ƙasa da ƙasa, CICR, ta rufe ofisoshinta a Nijar. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai 'yan ƙasa da suka kwana da aiki suka tashi babu. Saboda haka wata 6 aka rubuta miki, wata 6 za ki ƙirga. Sannan ki sani kontira mai wa'adi tana ɗaure ɓangare biyu ne: in kin sa hannu, ba ki da ikon ajiye ta a tsakiya don kewar gida ta dame ki, sai da yardar juna ko wani babban dalili da doka ta sani. In kuma Allah ya kawo rabo a tsakani, doka ta ba mace hutun haihuwa sati 14, amma wannan ba ya hana kontira ƙarewa ranar da aka rubuta.

Duk da na faɗi wannan, tunda ra'ayina kika tambaya, ni Magariya zan ce ki je. Dalilina ba jaka 250 ba ne. A shekara 28, abin da infirmiya ta fi buƙata shi ne hannunta ya nuna, kuma damina ɗaya a sashen yara irin wancan ta fi shekara uku ana auna tansiyo da rubuta rasit. Za ki koyi sa robar hanci ga yaron da tamowa ta cinye, ki san lokacin madarar F-75 da ake fara ba mai tamowa da lokacin da ake wucewa gaba, ki ga ƙarin jini dare da rana, ki iya gane yaron da zai shiɗe tun daga bakin ƙofa kafin a kwantar da shi. Za ki saba da aiki da ƙa'ida a rubuce, inda kowace allura sai an sa awa da sa hannu. Wannan ba mai ƙwace miki shi, ko ƙungiya ta naɗe tabarmarta. Kuma Allah ya ba ki abin da mata da yawa ba su samu ba, miji da ya sakar miki mara da uwa mai ƙarfin riƙon jika. Bayan shekara biyar, da yara uku a gabanki da Inna ta ƙara tsufa, wannan ƙofa ba lalle ta buɗu ba. Zan gaya miki gaskiya, aikin akwai cin rai. Za ki ga yara suna cikawa a hannunki fiye da duk abin da kika gani a kilinik, akwai daren da za ki shiga bayan ɗaki ki yi kuka ki wanke fuska ki dawo. In kin san zuciyarki ba za ta ɗauka ba, ba abin kunya ba ne ki zauna.

Sharaɗina ɗaya ne: ki ci gaba da rayuwa kamar mai jaka 90. Abin da ya hau kai, bayan haya da mota, ki ɓoye shi inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Da an ji kin shiga ƙungiya, 'yan uwan da ba su taɓa sanin ƙofarki ba za su fara sallama. Ki yi alheri daidai ƙarfinki, amma ki tuna watannin rani da za ki iya yi ba albashi. Kuma ki sake zama da mijinki. “Zaɓi naki ne” a bakin namiji wani lokaci yarda ce, wani lokaci kawaici ne. Ki tambaye shi dalla-dalla: wa zai yi masa girki, kowane sati nawa za ki zo, me zai ce wa danginsa in suka fara magana. Ku yi istihara ku biyu. In a nan kika ji ɗaci a muryarsa, to lissafin ya canza, don ba aikin da ya kai zaman gidanki.

Yanzu ga mai wuyar, maganar lokotoro.

Na fahimci abin da ke cin ki. Mutum ya tsaya wa mahaifinki a kan gadon ajali, ya ɗauke ki lokacin da ba ki da ko kuɗin kabu-kabu, yau kuma ki dube shi ki ce za ki tafi. Kina jin kamar sunanki zai koma butulu. Ki saurare ni da kyau. Abin da ya yi wa babanki don Allah da abota ya yi, ba jingina ya karɓe ki ba. Ladansa na wurin Allah, hakkinsa a kanki kuma girmamawa ce da zumunci har ƙarshen rayuwa: gaisuwar salla, zuwa dubiya in ya kwanta, tsayawa a bikin 'ya'yansa. Wannan bashi ba a biyansa da zama a kan jaka 90 har tsufa. Shekara 4 kin yi masa aiki da gaskiya, kin kwana gardi, kin riƙe masa majiyyata. Uban kirki kuma, in ya ce ke ɗiyarsa ce, ci gabanki zai so, ko da ranar farko ransa ya sosu.

Jaka 20 da ya ce zai ƙara, ki gode masa, kada ki karɓa, kuma kada ki mai da ita ciniki. Na ga masu kai takardar wani wuri gaban maigida don a ƙara musu, alhali ba su da niyyar tafiya. Wani lokaci a ƙara ɗin, amma daga ranar an daina kallonsu da ido ɗaya, kullum ana jiran ranar da za su sake. Ke ma in kika zauna don kunya, duk ranar da aiki ya yi zafi za ki tuna Magariya ki ji haushinsa, shi kuwa bai san laifin da ya yi ba. A haka zumuncin da kike tsoron ɓatawa zai ruɓe a hankali.

Ga yadda nake so ki bi abin, kuma jerin na da muhimmanci, kada ki saki reshe ki kama ganye. Kafin ki furta wa kowa kalmar ajiye aiki, ki amsa wa ƙungiyar a rubuce cewa kin karɓa, a cikin wannan amsar ki gaya musu kina da wa'adin sanarwa a inda kike, ki roƙi a ɗaga ranar farawa zuwa wata guda. Kada ki ji tsoron wannan roƙo. Ma'aikatar kirki ta san wanda ya gudo wa wani yau, gobe ita zai gudar wa, kuma sau da yawa akwai sarari a ranar da suka sa fiye da yadda suka nuna. Sai sun tabbatar miki da rana a rubuce sannan ki nufi ofishin lokotoro.

Rashin takarda tsakaninki da shi bai sa ki zama marar kontira ba. A dokar aiki ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, kontira mai wa'adi ita ce ake rubutawa. Wanda ya shekara 4 yana aiki ana biyansa wata-wata ba takarda, ana ɗaukarsa mai kontira marar wa'adi. Irin wannan kina da 'yancin ajiye ta duk lokacin da kika so, ba sai kin kawo dalili ba, amma da sanarwa, abin da ake kira fireyabi. Ga mai albashin wata, wata ɗaya ne aka saba. Manyan ma'aikata, wato kadar, su ne ke ba da wata 3. Wanda ya tafi bai cika wa'adin ba, maigida na da ikon neman diyyar kuɗin kwanakin da suka rage. Shi kuma maigida na iya yafe miki wani ɓangare, in ya yafe ki roƙi ya rubuta a ƙasan takardarki ya sa hannu. In kina son ki ji da kunnenki, ofishin insifektan aiki na nan cikin gari, aikinsu ke nan, ki je ki tambaya kafin ki rubuta komai.

Zuwa da kai ya fi aike. Kada ki tura saƙon WhatsApp, kada ki bar takarda wurin sakatare, kada ki aika Inna ta faɗa a madadinki. Ki nemi lokacin da ya gama ganin majiyyata, ki shiga ki gaishe shi yadda kika saba, ki zauna. Ki fara da neman gafara a kan cewa a bakin wasu ya fara ji, don wannan ne ya fi yi masa ciwo, na tabbata. Sannan ki ce masa wani abu kamar haka: “Baba, abin da ka yi mana ni da mahaifina ba zan manta ba har in mutu. Na samu damar zuwa in ƙaro sani a aikin yara na wata 6, na yi shawara da mijina da Inna, na yanke zan je. Na zo neman albarkarka, kuma ba zan tafi ba sai na bar maka wurin nan a tsare.” Daga nan ki yi shiru, ki bar shi ya yi magana. Zai yiwu ya yi faɗa, zai yiwu ya tuna miki da jinya, zai yiwu ya juya baya ya ce Allah ya kiyaye. Ki haɗiye. Kada ki kawo maganar ƙarancin albashi, kada ki tono gardin da ba a biya ba, kuma kada ki ce za ki sake tunani alhali kin gama tunani. Bayan kwana biyu ki ɗauki Inna ku je gidansa da yamma a yi gaisuwa ta manya. Abin da ofis ya kasa warwarewa, zaure kan warware shi.

Takardar kanta gajeriya ce, layi biyar sun isa: kwanan wata, cewa kin ajiye aiki, ranar da wa'adi zai fara da ranar da zai ƙare, godiya, sa hannu. Ki yi kofi biyu, ya sa hannu da kwanan wata a kan taki ki adana. Wannan ba rashin yarda ba ne, kariya ce gare ku duka, don mutuwa da mantuwa ba sa sallama. Kafin ranar ƙarshe ki karɓi takardar shaidar aiki, wadda doka ta wajabta a ba duk mai barin aiki, mai ɗauke da ranar shiga, ranar fita da irin aikin da kika riƙe. Shekara 4 ɗin nan ba su da wata shaida sai ita, kuma duk ranar da aka buɗe gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati za ki neme ta. Hutu kuma doka ta ba ki kwana biyu da rabi a kowane watan aiki. Wanda ba ki ci ba ana biyan kuɗinsa, ko in ya yarda a rage miki kwanakin wa'adi da shi. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da kuɗin sallama irin na wanda aka kora, kada ki sa rai. Maganar ko an taɓa zuba miki CNSS, ki je ofishinsu ki duba da kanki, in babu ki ɗaga masa ita cikin ladabi wata rana daban, ba ranar ban kwana ba. Difilomarki ta asali kuwa kada ta kwana a ofishin kowa, kofi mai hatimi ake bayarwa.

Sai mutanen sabuwar kilinik. Kin ce musu to, kuma alkawari kaya ne, ko na salula. Taura biyu ba ta taunuwa, don haka da zarar ranar Magariya ta tabbata, a yinin nan ki taka ki je. Ki ce kin yi gaggawar amsawa, wata dama ta zo wadda kika zaɓa, kina neman afuwa. Kada ki ƙirƙiro ciwo ko ki ɗora wa mijinki, garin nan ba ya riƙe sirri, cikin sati za su ji inda kike. Kowace rana da kika ƙara kina jan ƙafa, su suna can sun daina neman wata saboda ke. In kina da abokiyar karatu mai hannu da ke zaune ba aiki, ki kai musu sunanta. Za su ji zafi, amma a watan Janairu in kika dawo kina neman wuri, za ki iya shiga ki yi sallama kanki a sama.

Watan ƙarshen nan ki yi aiki fiye da yadda kika saba, don da shi za a tuna ki. Ki taya lokotoro nemo wadda za ta gaje ki, ku yi ko sati biyu tare. Ki zauna da ita ku ƙirga maganin kabad ɗaya bayan ɗaya, ku duba na kusa da lalacewa, ku sa hannu ku biyu a rajista kafin ki miƙa makulli. In kuna da firigon rigakafi, ki nuna mata takardar awon sanyi safe da yamma, tsakanin digiri 2 da 8, da abin da ake yi in wuta ta ɗauke. Sannan akwai abin da ba ya cikin kowace rajista, yana cikin kanki kawai: tsohuwar nan mai ciwon suga da ba ta faɗin gaskiyar abin da ta ci sai an zaunar da ita an yi hira, dattijon da ke daina shan maganin tansiyo da zarar ya ji sauƙi, yaron da feniselin ke tayar wa da ƙuraje. Ki sayi ƙaramin littafi ki rubuta mata su, ki bar shi a kilinik. Majiyyatan da suka saba da ke ki yi musu ban kwana, ki haɗa su da sabuwar hannu da hannu, kada ki ce wa kowa ya bi ki wani wuri, kuma sirrinsu ya tsaya inda kika same shi.

Abu na ƙarshe, ɗiyarki. Daidai lokacin da za ki tafi ne masu rabon maganin rigakafin masassara na damina ke fara bin gida-gida, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata har damina ta wuce. Su kan ba da na ranar farko a gabansu, na rana ta biyu da ta uku a hannun mutanen gida ake bari, kuma nan ne ake yawan mantawa. Ki zaunar da Inna ki nuna mata katin da yadda ake narka ƙwayar, ki ɗaura gidan sauro da hannunki a inda yarinyar za ta riƙa kwana, ki gaya mata in jiki ya yi zafi ko da tsakar dare ne kada a jira safiya. Lambar da za ki rubuta mata a bango ta kira, in kin bi abin nan yadda na ce, ta lokotoron nan ce.

Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya. In kin dawo hutun farko ki rubuto mini yadda kuka yi da shi.

Gwaggonki Majo